Ƙusar da Na Buga a Bangon Falo

Daura, Jihar Katsina
12 ga Nuwamba

Zuwa ga 'yata Kande,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan ke da maigidanki kuna lafiya a Fatakwal. Kullum muna sa ku cikin addu'a, Allah ya ƙara miki ƙarfin aikin asibiti. Mu nan lafiya lau. Ƙafar mamarki ta yi sauƙi, har ta koma zumuntar mata, geron gonarmu ta hanyar Baure kuma ya shigo gida.

Na ji ƙorafinki a kan yayarki Hasana, cewa wata biyu ba ta ɗaukar wayarki, kuma kin tabbata fushi take yi don ba ki je sunan ɗanta ba. Kafin in ce komai, bari in ba ki labarin abin kunyar da babanki ya yi bana.

Tun farkon damina bangon falonmu na gabas ya fara jiƙewa, fenti yana ɓarewa. Da na leƙa waje na ga indararon maƙwabcinmu Malam Usman yana fuskantar wajen, nan take na yanke hukunci cewa ruwan gidansa ne. Na sayi siminti na shafe bangon da hannuna, bayan mako guda danshi ya dawo. Na sake shafewa, ya sake dawowa. Sai na aika masa da magana mai zafi, cewa ya kawar da indararonsa ko mu haɗu gaban mai unguwa. Kande, mutumin da ya kai mamarki asibiti a motarsa ranar haihuwarki! Ya ce bai ga yadda ruwansa zai kai bangona ba, amma don zaman lafiya ya juya shi. Duk da haka na rage gaisuwa, har matarsa Rabi ta daina shigowa hira.

Ruwa ya ɗauke a Oktoba, bango kuwa yana nan sharkaf. Wata safiya sai ga Malam Usman da surukinsa, mai gyaran famfo daga Mashi. Mutumin ya ce in rufe tankinmu kwana uku mu gani. A rana ta uku bango ya fara bushewa. Da mai gyaran ya fasa wurin, sai ga ƙusa tsakiyar bututun ruwa, wadda ni da kaina na buga don rataye agogon da kika aiko mana. Mamarki ta yi dariya har da hawaye, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Da yamma na je zauren Malam Usman na roƙi gafara. Ya riƙe hannuna ya ce ya yafe, amma in zan sake rataye wani abu in kira shi tukuna.

Na ba da labarin a taron addu'ar Laraba. Fasto ya ce abin da muka fi tabbata da shi, shi ya fi bukatar gwaji, kuma mai bin Almasihu ba ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi sai ya tambaya ya ji. Wata huɗu na yi ina zargin bawan Allah, alhali gwajin kwana uku ya isa.

Ni ma ban san dalilin shirun Hasana ba, kuma na ƙi in ƙirƙiro mata. Wataƙila fushi ne, wataƙila jego ya yi mata nauyi tana ɓoye mana. Ki kira mijinta a makon nan, ki fara da tambayar lafiyarta. In ma fushin ne, ki ba ta haƙuri. Ku biyu kaɗai Allah ya bar mana, ina so in gan ku a tabarma ɗaya ranar Kirsimeti.

Mamarki tana gaishe ki, haka gwaggonki Lami da su Rabi. Ki gaida maigidanki. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku.

Ni ne babanki mai ƙaunarki,
Audi Kabo