Tayil Biyu a Bakin Ƙofar Kicin

Zuwa ga Maman Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi, ya ba ki ladan jinya. Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

An ba yara dogon hutu, amma Auta ta dawo ido ya kumbura. Malamarsu ta ce in aka koma za ta gwada ta a lissafin sau, in ta faɗi sai ta maimaita aji biyar. Kin san halin 'yarki, ta yi kuskure ɗaya sai ta jefar da fensir ta fashe da kuka. Na zaunar da ita da littafi, muka tashi kowa ransa a ɓace.

Shi ne na sake dabara. Tayil ɗin kicin da kike ta mita a kansa, zan sa kafin ki dawo, kuma na naɗa Auta injiniya. Ita za ta auna, ita za ta lissafa. Na yi mata alkawari ko nawa ta faɗa, shi zan sayo. Yanzu haka tana rarrafe a gindin murhu da kwali da alli, har da korata wai ina taka mata layi.

Ki gaida Inna da kyau.

Mijinki,
Baban Auta

Maman Auta,

Ina gaisuwa. Na ji daɗin labarin Inna ta fara takawa, alhamdulillahi.

Injiniyarmu ta gama awo: layi bakwai, kowanne tayil takwas. Ta ce hamsin da huɗu. Wallahi sai da na ciji leɓe, amma alkawari ne, na sayo hamsin da huɗun.

Mai tayil ya yi ta shimfiɗawa har ya iso bakin ƙofa, kaya suka ƙare, gurbi biyu ya rage. Ni dai ina jiran kuka. Auta ta tsaya ƙugu a riƙe, ta bi layin nan ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa. Sai kawai ta tuntsire da dariya, wai hamsin da shida ne, kuma ni da na sani na yi shiru ai na fi ta laifi. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, na ce ƙurar siminti ce.

Ta hana a ciko biyun. Ta sa aka shafe gurbin da siminti, ta ɗauki ƙusa ta rubuta 7 × 8 = 56 tun bai bushe ba. Jiya kuma da kanta ta ɗauko littafin, ta yi kuskure uku, ta goge ta gyara tana waƙa. Yanzu tagogin maƙwabta take aunawa.

Kicin ɗinki dai bai cika ba, kuma ba zai cika ba. In kin dawo ki shiga a hankali, don injiniya ta kafa doka: ba mai tsallake ƙofar sai ya karanta da ƙarfi.

Naki har kullum,
Baban Auta