Shamuwa Ta Tashi Ta Bar Ƙwai

Unguwar Lalle, Sabon Birni.

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikinki, ya Malam Sani da yara? Ya zaman Kumasi? Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Shamuwar da ke tsamiyar ƙofar gidanmu ta tashi ranar Talata, dukkanta, ta bar ƙwai cikin sheƙa.

Kin san Baba ba ya shibka sai ta sauka. Bana ta sauka da wuri, aka yi ruwa ɗaya mai ƙarfi, muka shibka gero. Na faɗa masa rediyo ya yi gargaɗin ruwa zai yanke. Ya ce, "Kai ɗan boko, rediyon naka ya girmi shamuwa?" Yau mako uku ko ɗigo, tsiron ya ƙone.

Laraba da hantsi na sa tsani na hau. Sheƙa bakwai, kowace da ƙwai, babu wanda ya fashe. Ba mushe a ƙasa, ba gashi. Ko hankaka bai kusanci itacen ba.

Irin da ya rage a rumbu na shibka ɗaya ne. Jiya hadari ya haɗu, amma Baba ya hana a taɓa irin. "In ba ta komo ba, ba mu shibka." Yini yake ƙarƙashin tsamiyar yana duban sama, lokacin gero kuwa yana wucewa.

Ki kira shi, maganarki yake ji. Ki sa mu a addu'a, ki gaida Gwaggo Asabe.

Wani makiyayi ya ce shamuwar garin Tsamaye ma ta tashi rana ɗaya da tamu. Jibi za ni can in gani da idona.

Ƙanenki,
Bashiru