Fentin Taraktar Baba

Yaya Muttaka,

Assalamu alaikum. Ya Inna da ƙafarta? Ni lafiya lau a nan unguwarmu Titiwangsa a ƙasar waje, sai ɗan zazzaɓi, kada ka gaya mata.

Abdulbaƙi da ya dawo nan daga gida ya kawo guntun ƙarfen da ka aiko don in samo fentin asali na 'yar taraktar lambun marigayi Baba. Na kai wa wani tsoho mai haɗa fenti. Ya kankare shi har ƙasa, ya ce, "Kore ne tun daga kamfani."

Yaya, ta Baba ja ce, ni nake wanke ta duk Juma'a lokacin da nake gida. Wannan ƙarfen na wace tarakta ne? Tamu tana ina?

Ban sayi fentin ba tukuna. Turo min hotonta yau, kana tsaye a gefenta.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka,
Bahauddeen