Bishiyoyin Bara

Litinin, 3 ga Fabrairu
Amsar masu ba da tallafi ta iso. Tankin ruwa na roƙa wa lambun 'yan ajina, suka ce su kuɗin sabon dashe kawai suke bayarwa, kuma sai sun zo sun ɗauki hoto ranar dashen. Ikon Allah! Bishiyoyin da muka dasa bara fa, hoto za su sha?

Alhamis, 6 ga Fabrairu
Na kai wa shugaban makaranta kukana. Ko ɗago kai bai yi ba. "Malama, ke ma da taurin kai. A tuge na baran da safe, a mayar da su rami a gaban baƙi. Kuɗin tsiron sai ki sayi tankinki." Na ce ranka ya daɗe, yaran da nake hana su karya reshe zan sa su tuge saiwa? Ya ce to in shayar da su da gaskiyata. Na fito na bar masa ofishinsa.

Talata, 11 ga Fabrairu
Famfo ya sake ƙafewa. Yara na zuwa da ruwa a gora daga gida. Uwar ɗaya ta tare ni a bakin ƙofa: "Malama, ruwan nan fa saye nake yi."

Juma'a, 14 ga Fabrairu
Na gaji, wallahi.

Laraba, 19 ga Fabrairu
Mangwaron bayan aji ya bushe ƙarau. Sarkin Surutu, yarinyar da ta raine shi tun yana cikin leda, yau ko uffan ba ta ce ba. Sai da aka tashi ta matso: "Malama, laifina ne?" Na ce a'a, na shige ofis don kada ta ga idona. Na ba maigida labari, ya ce wai na fi mai ƙora shafawa. Na yi fushi, shi ya dafa wa kansa shayi.

Lahadi, 23 ga Fabrairu
Na biya wajen mai sayar da tsirrai na bakin titi. Na ce idan aka ɗago bishiya 'yar shekara da ƙasarta aka mayar, takan rayu? Ya ce wasu kan rayu, wasu a'a. Tambaya ce kawai na yi. Shebur ɗin maƙwabci da na karɓo kuwa, aro ai ba laifi ba ne.

Gobe baƙin za su zo ɗaukar hoto. Zan tafi da wuri, kafin yara su iso.