Injin da Ban Ji Ba

Litinin, 4 ga Fabrairu, 1974

Yau aka turo mini Fijo 404 ta marigayi Alhaji Na'Allah, ƙarti shida suna gumi a bayanta. Shekara huɗu tana zaune a tsakar gidansu, kaji na ƙwai a kujerar baya. Ɗansa Abdussamad ne ya kawo ta. Wai tsere zai shiga da ita ranar Lahadi 3 ga Maris, a filin jar ƙasar nan da Turawa da Kwarori suka share a hanyar Mbalmayo. Na ce masa, kai, ubanka bai taɓa wuce sittin da motar nan ba. Ya yi dariya, ya faɗi wani abu yana kallon titi. Ban kama ba. Na yi dariya ni ma.

Na karɓi aikin. Bai kamata ba, amma na karɓa. Kunnena na hagu ya mutu tun bara, na dama kuma yana bin sawunsa. Duk unguwarmu Briqueterie babu wanda ya sani sai wannan littafin.

Laraba, 6 ga Fabrairu

Injin ya cije, ko motsi ba ya yi. Na cire buji huɗun, wato fulogai, na zuba gazuwal, man dizal, a kowane rami, na rufe. Sai ya jiƙu. Ɓera ya yi gida a cikin matatar iska, har da ɓawon gyaɗa da guntun atamfa. Baƙin man da na tsiyaye ya yi kauri kamar maɗi. Allah ya jiƙan Alhaji, mutumin kirki ne, amma canjin mai a wurinsa sai mota ta yi kuka.

Asabar, 9 ga Fabrairu

Injin ya juya. Na sa doguwar sifana a gaba na danna da duk ƙarfina, sai na ji ya saki a hannuna. Na ɗago zan ce wa wani "ka gani?" Babu kowa a garejin. Ni na sallami masu koyon aikin duka bara, na ce wa mutane ɓarna suke mini. Ƙarya ne. Sun fara maimaita mini magana sau biyu, suna haɗa ido.

Litinin, 11 ga Fabrairu

Bikin matasa. 'Yan makaranta sun wuce da ganguna, na ga sanduna suna tashi suna sauka. Na wanke tankin mai, tsohon fetur ya zama danƙo.

Alhamis, 14 ga Fabrairu

Lagireto cike da tsatsa, sau huɗu na wanke shi kafin ruwan ya daina fitowa ja. Robobin ruwa duk sun tsage, bel ɗin fanka kuma da yatsa na tsinke shi. Na je unguwar Messa sayen sababbi. Dole na bi ta gaban garejin Njidda. Yana ƙarƙashin wata babbar mota, ƙafafunsa kawai na gani, na san su. Shekara goma sha ɗaya muna gareji ɗaya da Bafillatanin nan. Rannan a gaban mai mota na ce ciwon injin na sama ne, ya ce a'a na ƙasa ne, ya ƙara da wasa cewa kunnena ya tsufa. Na ce ya kwashe kayan aikinsa. Shekara biyar ke nan. Da na buɗe injin bayan ya tafi, ciwon na ƙasa ne. Ban taɓa gaya masa ba.

Na tsallaka titi na wuce.

Lahadi, 17 ga Fabrairu

Na dafa shinkafa, ta yi mini yawa. Har yanzu gwangwani biyu nake aunawa, kamar matata Mariyama tana raye.

Talata, 19 ga Fabrairu

Na warware kafireta ɗaya bayan ɗaya a kan tsohuwar jarida, na hure kowane rami da bakina. Wannan aikin ido ne da yatsa, kuma su Alhamdu lillahi suna nan. Sabbin buji, sabon batir, sabon mai. Abin da ya rage shi ne na ƙasa, kusine, 'yan ƙarafan nan masu santsi da sandar inji ke juyawa a kansu. In sun cinye, mota za ta yi ta yawo cikin gari ba a sani ba. Amma a taka ta ƙarshe a filin tsere, sai inji ya ƙulle wuri ɗaya, ƙafafun baya su tsaya cak, motar ta kifa da mutum.

Wasu makanikai buɗe ƙasan inji suke su duba. Ni shekara talatin ban yi haka ba. Doguwar sukudireba nake ɗorawa a jikin inji, ƙotar a kunne, in saurara, in faɗi abin da ke ciki. Da wannan aka san ni har Douala. In ni Yuguda na kwance ƙasan inji maimakon in saurara, gobe duk tasha za a yi ta tambaya me ya sami Yuguda.

Juma'a, 22 ga Fabrairu

Ta tashi, bugu na uku. Hayaƙi baƙi, sannan shuɗi, sannan ya washe. Na ji ta a tafin ƙafata da cikin ƙirjina. Na sa sukudireba a kunnen dama: wani gurnani kawai daga nesa, babu sama babu ƙasa. Na rufe ƙofa na ciji ƙotar da haƙora, don na lura ƙashin kai yana kawo ƙara. Yana kawowa, amma duk a dame. Haƙorina na gaba har yanzu yana zugi.

Bayan sallar Juma'a Sule mai shayi ya yafuto ni in zauna. Na nuna masa hannuna baƙi da mai, na wuce. Zama cikin mutum goma kowa na magana ya fi mini ɗaukar inji wahala.

Asabar, 23 ga Fabrairu

Na yi abin da ban taɓa yi ba.

Abdussamad ya zo da abokansa uku, masu gashi tsaye da wando mai faɗin ƙafa. Direbobin tasi suka taru, har masu tsire suka leƙo. Ya ce da ƙarfi, don duk a ji, "Baba Yuguda, a saurara mana ita." Na tayar da ita ta yi zafi. Na ɗauko sukudireba, kowa ya yi tsit kamar yadda aka saba. Na ɗora a saitin buji na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu. Na runtse ido. Na ja wayar totur na saki, na sake ja. Wallahi ban ji komai ba. Da na buɗe ido, fuskoki kusan ashirin suna jirana.

Na ce, "Lafiyarta ƙalau."

Suka yi tafi. Abdussamad ya rungume ni, yana ƙanshin turare, ya shiga ya ja ta zuwa unguwar Madagascar wurin mai fenti, za a rubuta mata lamba. Na tsaya da sukudireba a hannu har wurin ya watse.

Litinin, 25 ga Fabrairu

Wataƙila lafiyarta ƙalau ɗin ne. Fijo ce, tana da rai bakwai. Kuma fitilar mai ba ta kama ba.

Talata, 26 ga Fabrairu

Fitilar mai ba ta nuna komai sai abu ya riga ya ɓaci. Na sani. Wa nake yaudara?

Inda motar ta tsaya akwai tabon mai a ƙasa. Na zuba masa yashi. Ina ta tuno man nan mai kauri da na tsiyaye. Ban tace shi na duba ko akwai garin ƙarfe a ciki ba, na zubar a kwata. Yuguda, tsohon banza.

Yaron nan ni na ɗauke shi a wuya ranar da ubansa ya sayi motar. A'a, ƙarya nake, ya girmi haka a lokacin. Amma na san shi tun yana tsoron ƙarar hon.

Alhamis, 28 ga Fabrairu

Da hantsi na je gidansu. Na shirya ƙaryata tun a hanya: zan ce ina so in sake canja mai, in na samu motar a hannuna sai in kwance ƙasan a ɓoye. Motar tana ƙofar gida, an rubuta mata 17 da farin fenti. Abdussamad ya ce, "Haba Baba, man da bai yi sati biyu ba? Gobe da jibi zan gwada fili." Ya ƙi.

Sai mahaifiyarsa Hajiya Kulsum ta aiko in shigo zaure mu gaisa. Ita dai Allah ya ba ta murya, ko a kasuwar Mokolo ta yi magana za a ji a nan. Kowace kalma tata ta shiga. Ta ce, "Malam Yuguda, ni ban so tseren nan ba, kwana uku ban yi masa magana ba. Da aka ce mini kai ka saurare ta da kanka, sai na ce to, ya je. Shi kaɗai ne namiji da ya rage mini."

Na kalli takalmina. Na ce, "Hajiya, ban ji ta ba."

Ba ta gane ba. Na sake faɗa, kuma ashe da ƙarfi na faɗa, don kurma bai san tsayin muryarsa ba. Na ce kunnena ya mutu, ranar Asabar ƙarya na yi, a kira Njidda na Messa ya saurara. Da na juya, abokan Abdussamad suna bakin zaure, da wata mai tallan ayaba, da yaran maƙwabta. Kafin azahar labarin zai kai tasha.

Kunya ta kama ni. Tun rasuwar Mariyama ban ji irin haka ba.

Juma'a, 1 ga Maris

Njidda ya zo garejin da sassafe, ya yi furfura, ya yi tumbi. Bai gaishe ni da yawa ba, ni ma haka. Abdussamad ya kawo motar, muka tayar da ita, na miƙa wa Njidda sukudirebata, ya karɓa. Ya daɗe a kan na uku. Sannan ya zo saitin kunnena na dama, ya kira ni aboki da Fillanci kamar da, ya ce, "Soobajo, akwai. Kaɗan, amma akwai."

Muka kwance ƙasan tare. Ya kama nan na kama can, ba sai an yi magana ba, hannu bai manta ba. Kusinen na uku ya cinye har jan ƙarfen ciki ya fito, sandar ma ta karce. Sai an kai ta an goge, an sa sababbi, an yi ta tafiya a hankali kilomita dubu kafin a taka ta. Babu tsere bana.

Abdussamad ya juya ƙarfen a tafin hannunsa, ya ajiye a kan benci, ya fita. Bai ce mini komai ba, ko kuwa ya ce ban ji ba. Na tambayi Njidda. Ya ce bai ce komai ba.

Lahadi, 3 ga Maris

Suna can suna tseren. Na share garejin, na wanke sifanu da kananzir. Mota ɗaya ba ta shigo ba tun jiya.

Laraba, 6 ga Maris

Wani direban tasi, baƙo, ɗan Ngaoundéré ina jin, ya shigo da motarsa Reno. Bai ji labari ba tukuna. Ya ce an ce masa a nan ne ake sauraren inji. Na ce da ne, yanzu ba na ji, in yana so mu buɗe mu duba, in kuma kunne yake nema ya je Messa ya tambayi Njidda. Ya tafi Messa. Ban san ya aka yi maganar ta fito da sauƙi haka ba. Gajiya ce kawai.

Da la'asar Abdussamad ya wuce ta gaban gareji zai je masallaci. Ya gan ni, ya kau da kai. Ya ɓata mini rai ƙwarai, yaron da ke durƙusawa ya gaishe ni. Na fito bakin ƙofa na bi bayansa da kallo, yana tafiyarsa ta taƙama, yana tsallake kwata da ƙafafunsa biyu, har ya sha kwana. Sannan na koma na ci gaba da wanke sandar injinsa.