Ungulun Babanku

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa wa aikinka albarka, Ya kare ku daga sanyin can da kake ta ba mu labari. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Yayarka ta koma bakin aiki bayan haihuwa, jaririyar kuwa kumatu kamar an hura, duk ranar da aka kawo ta sai ta jiƙa mini zane, gaisuwarta ke nan. Kawunku ya samu sauƙin tarin nan, har ya koma shago yana faɗa da masu saye kamar da. Ni ma gwiwa ta lafa, in ban da ranar da hadari ya haɗo. Na zaɓi in rubuto maka maimakon in kira, domin babanku da ke cewa ba ya ji sosai, kunnensa ya fi na kowa kaifi idan maganarsa ake yi.

Maganar kuwa a kan kayan nan ne da ka aiko masa. Ka san tun da ciwon nan ya taɓa masa ɓarin hagu, likitar motsa jiki ta gaya mana a fili cewa ƙafar za ta dawo in ana aiki da ita, in kuma aka bar ta ta kwanta, to sai keken marasa lafiya. Na san da zuciya ɗaya ka yi abin da ka yi. Ka ce tunda ya ƙi tattaki, kuma tsohon direban bas ne da ba ya jin daɗin duniya sai yana tuƙa wani abu, bari ka aiko masa da kwamfutar da ake koyon tuƙin jirgin sama mai saukar ungulu a cikin ɗaki, da sandar tuƙinta da feda biyu na ƙasa, ya riƙa taka su ƙafar na motsi bai sani ba. Allah Ya yi maka albarka. Amma ka yi haƙuri in gaya maka, duk wanda ya raɗa wa jirgin nan suna bai yi kuskure ba. Ungulu ce ka aiko mana, ta sauka a ɗakin ɗinkina, kuma tun ranar ban sake jin ƙamshin gidana ba.

Ɗakin da ka sani tsaf, da zaren da nake jerawa launi-launi, yanzu in ka buɗe ƙofa sai ka ja baya. An tura keken ɗinkina kusurwa an rufe shi da tsohon bargo. Babanku ya ce kujerar gida ba ta dace da matuƙi ba, sai ga tsohon kwandastansa ya sauke mana kujerar bas daga gareji, soso a waje, tana warin baƙin mai da zufar mutanen da ban sani ba. Ba a jima ba na fara ganin kuɗin cizo suna yawo a jikin labule. A nan yake karyawa, a nan yake cin na rana, kofunan shayi a jere a ƙasa ƙuda na iyo a ciki, ɓawon lemo da na gyaɗa har ƙarƙashin tebur. Wanka sai na yi kamar zan yi kuka. In na yi magana ya ɗaga mini hannu ba tare da ya waiwayo ba, wai yana shirin sauka a kan rufin asibiti, kada in sa ya kashe mutane. Mutumin da asibitin gaske sai an yi masa dabara yake zuwa.

Jiragen da ke cikin kwamfutar ma duk ya raɗa musu suna, kuma dole in haddace, don ba shi da wata hira. Akwai wani ja mai igiya da ake ciro mutane daga ruwa, shi ne Tasi, yana hawansa in ransa ya so. Akwai wani ɗan firit mai kujera biyu da 'yar fanka a wutsiya, shi ne Sauro, wannan ko sunansa ba ya son ji, ya ce abin wasan yara ne, ba shi da mutunci a sama. Sai kuma uwar gayya, Tirela, wata doguwa mai manyan farfela biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Ita ce ta ransa. Yadda yake yabonta, wallahi tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa jin ya yabe ni haka ba. Wai tana da natsuwa, ba ta gardama, tana ɗaukar kaya ba ta ƙorafi. Kai ma ai ka sha labarinta, ina jin ku a waya yana gaya maka ya wuni yana tuƙi, kai kuma kana ta murna kana cewa ya ci gaba, ƙafa za ta yi ƙarfi. Ni ma haka na ɗauka, shi ya sa na toshe hanci na haƙura.

Shara ce ta tona asirin. Wata safiya ya shiga bayi, na ce bari in yi sauri in kai tsintsiya ƙarƙashin tebur. Ina durƙusawa sai na ga fedar nan biyu ƙura ta rufe su, har da yanar gizo a tsakaninsu, ba irin taku ta waya ba, ta gizo-gizo na gaske, mai gidan ma yana zaune a tsakiya. A kan ta hagu kuma silifas ɗinsa ne a ajiye. Ɗana, ni tela ce, ƙafata ta tsufa a kan feda. Fedar da ake takawa sheƙi take yi, ba sai an gaya mini ba. Na koma bakin ƙofa ina kallonsa ta madubin sif. Hannuwa na aiki, baki na ta surutu da mutanen da babu su, ƙafar hagu kuwa tana kan matashi a miƙe, ko yatsa ba ta motsawa.

Na saka mayafi na nufi shagon mai gyaran kwamfutar nan na ƙarshen layi, wanda ya zo ya haɗa kayan ranar da suka iso, mutumin kirki mai furfura a gemu. Da na ba shi labari sai ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ba ni haƙuri ya yi mini bayani. Ya ce irin su Sauro, babbar farfelar sama tana juyawa ne gefe ɗaya, jirgin kuma yana son ya juya ɗaya gefen, to da feda ake riƙe shi, in ka ɗauke ƙafa sai ya yi ta katantanwa da kai. Ita kuwa Tirela farfelunta biyu kowace na juyawa nata gefen, suna kashe wa juna ƙarfi, don haka mai wayo zai iya tashi da ita ya yi ta yawo yana shan kwana mai faɗi kamar bas, ƙafarsa na hutawa. Ka ji natsuwar da ake yabo. Duk cikin jiragen nan babanku ya bi ɗaya bayan ɗaya ya zaɓo wadda ba ta tambayar ƙafarsa, ya ce ita yake ƙauna.

A makon ne muka je wurin likitar. Ta taɓa ƙafar, ta sa ya ɗaga, ta dube ni ta dube shi, ta ce maimakon gaba baya muke yi, naman cinyar ya fara zubewa. Ta ce in muka dawo ganinta na gaba bai iya tashi daga kujera da kansa ba, za ta rubuta mana keke, don ba za ta zuba ido ya faɗi ya karye ba. Babanku ya gyaɗa kai kamar gaske. Muna isa gida ya ce a kai shi wurin Tirela. Abin da ya ƙarasa ni kuwa, ka gafarce ni da zan rubuta maka shi, wata jarka ce da na tsinta a bayan kujerar bas, an toshe bakinta da leda. Na ɗauka man keke ne, na buɗe. Ban ci abinci ba ranar. 'Yar tafiyar nan daga ɗaki zuwa bayi, ita kaɗai ta rage wa ƙafar nan a duniya, ita ma ya nemo hanyar kashe ta don kada jirgi ya jira shi.

Washegari da ya kwanta barcin rana na kira mai gyara, na tsaya a kansa ya ɓoye Tirela da Tasi da duk sauran, ya bar Sauro shi kaɗai. Ban yi nadama ba, kuma ba zan yi ba. Da babanku ya farka gidan ya ɗauki zafi. Ya nema sama da ƙasa, ya ce na taɓa wani abu garin shara, na ce ni da aka hana shiga ɗakin. Ya gwada Sauro, kafin ya bar ƙasa ya yi ta juyi da shi ya maka shi a kan wata bishiya, ya sake, ya faɗa ruwa. Zagin da ɗan jirgin nan ya sha ko fasinjan da ya ƙi biyan kuɗin mota bai taɓa shan irinsa ba. Ya kira mai gyara a waya, shi kuma ya ƙi ɗauka, kamar yadda muka shirya.

Da safe ina wanke-wanke sai na ji ƙarar kwagiri a tsakar gida. Na leƙo, sai ga babanku da wankansa da hularsa, yana jan ƙafa ya nufi ƙofar waje. Na ɗauki mayafi na bi shi daga nesa. Ya huta a bencin mai aski, ya sake hutawa a jikin katangar kantin magani, zufa ta jiƙa masa riga, amma bai juyo ba sai da ya kai ƙarshen layi. Mai gyara ya ba shi kujera da ruwa, ya ce matsalar babba ce, sai ya bincika, ya dawo gobe. Tun ranar kullum goben ce. Kullum babanku sai ya je ya ji ko an samo Tirela, kuma yanzu ba ya tsayawa a kantin magani. Da yamma in zaman banza ya ishe shi yakan koma wa Sauro yana tsaki, daga kicin ina jin fedar hagu tana ƙara, ƙurar ma ta goge da kanta.

Za ka ce ai sai murna, kuma na gode wa Allah. Amma ba zan ɓoye maka ba, raina a ɓace yake. Na roƙi mutumin nan ya raka ni ko bakin ƙofa ne mu sha iska, ya ce ƙafa. Yayarka ta haihu, na ce ya daure mu je ya ga jikarsa, ya ce ƙafa, sai kawo masa ita aka yi. Na buɗe masa kekena na ce ya riƙa takawa ina ɗinki muna hira, ya ce shi ba tela ba ne. Ashe ƙafar tana nan, ni ce ban kai a taka ta domina ba. Sai da aka ɗauke masa hoton ungulu a cikin gilashi sannan ya tuna yana da ita.

To ga abin da ya sa na rubuto. Dabarun mai gyara sun kusa ƙarewa, jiya ma cewa ya yi kunyar dattijon ta fara kama shi. Na ji babanku yana cewa zai kira ka, tunda kai ka sayi abin, ka nuna masa yadda ake dawo da ita. Na san ka da tausayin ubanka, kuma na san aikin bai fi ƙiftawar ido ba a wurinka. Don Allah, don darajar nonon da ka sha, kada ka nuna masa. Ban ce ka yi masa ƙarya ba, ka ce sai likita ta gan shi tukuna, in ya yi faɗa ka haƙura, faɗansa ba ya kisa. Ranar da ya tashi daga kujera a gabanta da kansa, ka mayar masa da Tirelarsa su ƙarata. Kujerar bas dai da jarkar nan, na riga na san inda zan cinna musu wuta.

Jiya a hanyar dawowa ya tsaya daidai shagon mai aski ya waiwayo, muka haɗa ido, ashe ya daɗe da sanin ina bin sa. Ya ce tunda na zama 'yar sanda, gara in matso in riƙe masa hannu mutane su daina kallo. Na matsa na riƙe. Rabon da mu jera a titi ni da shi tun kafin ciwon nan, har idona ya ciko. Daga nan har ƙofar gida, labarin ungulu yake ba ni.

Ka gaishe mini da matarka da kyau, ka ce na ga hoton labulen da ta ɗinka, hannunta ya faɗa. Ka gaishe da ɗan maigidana, ka ce masa in bai zo ya gan ni bana ba na fasa auren. Ka shafa mini kan 'yar autarku. Yayarka da mijinta suna gaishe ku, haka kawunku da gwaggonku. Babanku bai san na rubuto ba, amma na san da ya sani zai ce a gaishe ku, bayan ya gama tambayar Tirela. Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce,
Mahaifiyarka