Kabewar Bakin Shinge

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina yara? Inna tana gaishe ki.

Raina a ɓace yake. Kin san na daina feshi a lambu. Kabewar da ta yi kwantai nakan fasa ta in zube a bakin shinge, bushiya da tsuntsaye su ci, su kuma su cinye mini tsutsa. Jiya da safe na tarar da bushiyoyin a mace, baki duk kumfa. Karenmu yana ta shure-shure a cikin kwamin shuka, a hannuna ya mutu. Maganin ɓera aka barbaɗa wa kabewar.

Ba kowa ba ne, maƙwabcina ne Mai Tumatir. Ya sha cewa kabewata ke tara masa ɓeraye. Na wasa adda. Wallahi sai ya gane kurensa.

Ƙaninki, Auta

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ji abin da ya faru, Allah ya mayar da alheri. Amma ka gan shi da idonka? Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ka ajiye addar nan, ka haƙa rami ka binne kabewar kafin wani yaro ya ɗauka. In ka taɓa bawan Allahn nan, ban yafe ba.

Ka gaishe da Inna da mai ɗakinka.

Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa. Matar Auta ce. Saƙonki bai same shi ba.

Da rana tsaka ya tsallake shinge, ya iske Mai Tumatir yana ban ruwa. "Kai ka kashe mini kare!" Shi kuma ya ce, "Wane kare? Ka haukace ne?" Bai rufe baki ba Auta ya kai sara. Mutumin ya tare da hannu, yatsunsa suka zube cikin rariya, ruwan ya koma ja. Da ɗaya hannun ya rarumi fartanya ya rotsa wa Auta kai. Ina ihu, suna birgima cikin taɓo, da ƙyar aka raba su. Duk suna asibiti, ɗan sanda na zaune a bakin ƙofa.

Yaya, yau ina share ɗakin Inna na ga ƙunshin maganin. Na tambaye ta, ta ce, "Ni na zuba mana, 'yar nan. Ɓeraye sun ishe ni, yaron nan kuma sai ciyar da su yake." Mun ce mata faɗuwa ya yi daga kan bishiya.

Ya zan yi?

Ƙanwarki

Ƙanwata,

Sannu da ɗawainiya. Ina hanya. Ki bar Inna a yadda take. Auta kuwa ni zan faɗa masa gaskiya, a gaban Mai Tumatir.

Ki tambayar mini likita ko hannun dama ne aka sare wa Mai Tumatir.

Yayarku